GAYYAR LAFIYA: DARASI GA SHUGABANNIN MANOMA

Manomin kirki ba ya wasa da lafiyar shanun huɗarsa. Kowace safiya sai ya leƙa turke ya ga yadda suka kwana, ya duba kofato, ya duba ko dokin wuya ya yi rauni, in ya ga sa ya ƙi cin harawa nan da nan ya aika a kira malamin dabbobi. Haka kuma mai injin ban ruwa a fadama, ba ya yarda lokacin juyen baƙin mai ya wuce, don ya san in injin ya tsaya a tsakiyar rani tumatirinsa ya tafi. Amma a tambayi wannan manomi yaushe rabonsa da a auna jininsa, sai ya yi dariya ya ce ai shi lafiyarsa ƙalau.

Darasin wannan mako a kan wannan sakaci ne, musamman ga mutanen da jama'a suka ɗora wa kaya: shugabannin ƙungiyoyin manoma da magatakardansu da ma'ajinsu, da sarakunan noma, da masu unguwanni, da dagatai, da manyan dillalan kasuwa. Za a duba abin da ke cin lafiyarsu, da dalilin da ya sa mutum shi kaɗai ba ya iya gyarawa, sa'an nan da yadda tsara da tsara za su haɗa kai su yi wa jikunansu gayya kamar yadda ake yi wa gona.

YADDA SHUGABANCI KE SĀKE ZAMAN MUTUM

Ƙasar Ikara da Makarfi da Kudan ƙasar noma ce tun kaka da kakanni. Da damina masara da dawa da waken soya, da rani kuwa rake da tumatir da albasa da attarugu a fadamu. A da, ba a ba mutum sarautar sarkin noma sai don yawan damman da ya ɗaure da ƙarfin damtsensa. Watau shugaban manoma shi ne wanda ya fi kowa zufa.

Yanzu zamani ya kawo wani irin shugabanci. A 1992 shirin Sasakawa ya shigo Nijeriya, ya fara da jihohin Kaduna da Kano, yana kafa gonakin gwaji na masara a hannun zaɓaɓɓun manoma don maƙwabta su gani su koya. Shirin Fadama, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya ce sai manoma sun haɗu ƙungiya-ƙungiya kafin a taimake su. Haka kuma bashin noma da Babban Bankin Nijeriya ya ƙaddamar a 2015, ta hannun ƙungiyoyi ya bi. Saboda haka da wuya a sami gari a wannan yanki da ba shi da ƙungiya, kowace ƙungiya kuwa da shugabanta.

To, a dubi yinin irin wannan shugaba. Da safe ya hau babur zuwa sakatariya a Hunkuyi ko Ikara, ya zauna a benci yana jiran malamin gona. Da rana ga taron rabon taki, a kawo shinkafa da mai da lemon kwalba. Da yamma ga sulhu tsakanin manomi da makiyayi, ko tsakanin wanda ya ci bashi da wanda ya tsaya masa. Da dare ga suna ko ɗaurin aure ko ta'aziyya, ko'ina kuwa sai an ajiye masa akushi, in bai ci ba a ce ya raina. Gonarsa tana hannun 'yan ƙodago da yara. Mutumin da shekara goma da suka wuce yake yin kunya ɗari kafin hantsi, yau tafiyarsa daga zaure ce zuwa gindin babur. Cin abincinsa bai ragu ba, sai ma ƙaruwa, aikin jikin ne ya tafi. Ga kuma tunanin kuɗin jama'a da ke hana shi barci.

ABIN DA AKA GANO A INGILA

Wannan magana ba zato ba ce. A 1953 wani likita a Ingila, ana ce da shi Jeremy Morris, ya bayyana sakamakon binciken da ya yi a kan ma'aikatan motocin bas masu bene na birnin Landan, mutum wajen 31,000. A kowace mota akwai mutum biyu, direba da kwandasta. Direba yana zaune kusan duk yini, kwandasta kuwa yana hawa bene yana sauka yana karɓar kuɗi. Gari ɗaya suke, mota ɗaya, iska ɗaya suke shaƙa. Amma aka ga ciwon zuciya ya fi kama direbobi, in ya kama su kuma ya fi saurin kashe su. Likitan ya sāke dubawa a gidan waya, ya gwada masu yawon kai wasiƙu da akawunan da ke zaune a tebur, sai ya tarar labarin ɗaya ne.

Akawu da ɗan kasuwa mai zaman rumfa su lura da wannan ƙwarai. Shugaban ƙungiya kuma ya sani, ranar da aka zaɓe shi aka ɗauke shi daga matsayin kwandasta aka mai da shi direba.

CUTUTTUKA BIYU MASU SANƊA

Na farko hawan jini. Zuciya famfo ce, jijiyoyi kuwa kamar mesar ban ruwa. In ƙarfin ruwa ya yi yawa kullum, wata rana mesa za ta fashe ko injin ya gaji. In jijiya ta fashe ko ta toshe a ƙwaƙwalwa, shi ne shanyewar ɓarin jiki. In zuciya ta gaji, sai kumburin ƙafa da haki. In abin ya taɓa ƙoda, sai a ji ana maganar wankin ƙoda, wanda ke cinye gona da shanu cikin 'yan watanni. Na'urar awo tana nuna lamba biyu, ta sama da ta ƙasa. In an auna mutum a ranaku biyu dabam-dabam aka sami ta sama ta kai 140, ko ta ƙasa ta kai 90, to yana da hawan jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta faɗa a rahotonta na 2023 cewa cikin kowane baligi uku a duniya ɗaya yana da shi, kuma kusan rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Dalili kuwa shi ne, galibi ba ya ciwo. Mutum yana iya yawo da 170 yana raha da jama'a.

Na biyu ciwon sukari. Alamunsa yawan ƙishirwa, yawan fitsari da dare, rama ba dalili, gajiya, da gyambon da ya ƙi warkewa. Amma shi ma yakan yi shekaru bai nuna kansa ba. Ana gane shi da ɗigon jini daga ɗan yatsa da safe kafin a ci kome. In ya daɗe ba a kula ba yakan taɓa ido da ƙoda da ƙafa.

Manomi ya san tsutsar da ke shiga cikin karan dawa. Daga waje ganye kore shar, sai iska ta kaɗa a ga kara ya karye. Waɗannan cututtuka haka suke.

DON ME MUTUM ƊAYA BA YA IYAWA

Da yawa daga cikin shugabanni sun ji wannan bayani a rediyo, wasu ma likita ya gaya musu baki da baki. Sukan ɗaura niyya, a yi mako biyu ana tafiyar ƙafa, sa'an nan a watsar. Ba rashin hankali ne ya jawo haka ba. Akwai dalilai uku.

Na ɗaya, girma. In aka ga dagaci ko Alhaji shugaban ƙungiya yana tafiya a ƙasa shi kaɗai da sassafe, sai wani ya tsaya da babur ya ce, "Ranka ya daɗe, lafiya? Hau in kai ka." Wani kuma ya ce ko karayar arziki ce ta same shi. Kunya ta sa ya daina.

Na biyu, babu mai gaya masa gaskiya. Ɗansa ba zai ce masa, "Baba, tumbinka ya yi yawa" ba. Mabiyansa ma ba za su faɗa ba, sai dai su ce jiki ya yi kyau, hutu ya karɓe shi. Wanda zai iya faɗa ba a ji haushi ba sai tsara, ko taubashi, ko abokin da aka yi kiwon awaki tare.

Na uku, tsoro. Shugaba yana gudun kada a ji yana da ciwo a fara neman kujerarsa, ko masu bin sa bashi su taso. Saboda haka ya ɓoye, ya sayi ƙwaya a kan tire a kasuwa ya haɗiye a ɓoye.

Duk ukun nan maganinsu ɗaya ne, watau a haɗu. Mutum shida masu daraja in suna tafiya tare, ba mai cewa sun talauce, sai dai a ce manya sun fita zagayen gonaki. Hausawa sun daɗe da sanin wannan dabara. Gonar da za ta ci wa mutum ɗaya mako guda, gayya takan gama ta kafin azahar, kuma ba wanda ke son a ga kunyarsa ce a baya. Adashe ma haka: kuɗin da mutum ba zai iya tarawa a aljihunsa ba, yakan zuba shi ba fashi don kunyar uwar adashe da 'yan zubi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

An gwada irin wannan a wasu ƙasashe. A Amurka, a 2002, aka bayyana sakamakon wani gwaji da aka yi da mutum fiye da 3,000 waɗanda ciwon sukari ke gab da kamawa. Waɗanda aka koya wa gyara abinci, da tafiya ta minti 150 a mako, da rage ƙiba kaɗan, watau kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Daga baya aka mai da darasin na ƙungiya-ƙungiya, ana koyar da shi a unguwanni. Har wa yau a Amurka, a 2018, aka yi wani gwaji a shagunan aski 52 na baƙaƙen fata a birnin Los Anjelis, inda maza ke taruwa suna hira kamar majalisar ƙofar gida. A shagunan da mai aski ya haɗa abokan cinikinsa da masanin magunguna a nan cikin shagon, lambar sama ta jininsu ta sauka da wajen 27 cikin wata shida. A shagunan da aka yi nasiha kawai aka ce su je asibiti, da wajen 9 ta sauka. Darasi biyu ke nan: a kai awo inda maza suka saba zama, kuma a haɗa da ma'aikacin lafiya, don nasiha ita kaɗai ba ta isa.

YADDA AKE KAFA GAYYAR LAFIYA

A nemi mutum shida zuwa goma, kada su wuce haka, don taro in ya yi yawa yakan koma siyasa. Su zama sa'o'in juna a shekaru da daraja, masu zama kusa da juna, waɗanda suke haɗuwa a masallaci ɗaya ko kasuwa ɗaya. Kada a sa ubangida da yaronsa a gayya ɗaya, don yaron ba zai buɗe baki ba.

A zaɓi mutum uku. Mai tashi, wanda zai riƙa bi yana ƙwanƙwasa ƙofa ko ya buga waya. Mai littafi, wanda ya iya rubutu da boko ko da ajami. Da ma'aji, mai riƙe kuɗin zubi. A riƙa juya waɗannan ayyuka duk wata uku don kada nauyi ya zauna a kan mutum ɗaya.

Tun ranar farko a yi alkawari uku, a shafa fatiha a kai. Abin da aka ji a gayya ya tsaya a gayya, ko matar gida ba za ta ji lambar jinin wani ba. Ba a kawo maganar taki ko bashi ko jam'iyya sai an tashi. Kuma kowa ya yarda a gaya masa gaskiya ba fushi.

Sa'an nan a je wurin ma'aikacin lafiya na ɗakin shan magani mafi kusa a gabatar da kai. Jihar Kaduna tana da gundumomi 255, gwamnati kuwa ta yi aikin gyara ɗakin shan magani ɗaya a kowace gunduma. A garin Makarfi ma akwai kwalejin koyon aikin lafiya mai sunan marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, saboda haka yankin bai rasa 'ya'yan da suka iya awon jini ba. A roƙi ɗaya ya riƙa zuwa zaman gayya sau ɗaya a wata, a ba shi kuɗin mai.

AIKI NA FARKO: TAFIYA

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi yana bukatar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako. In an raba, minti 30 ke nan sau biyar. Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, kafin kuma masu ƙara da masu neman sa hannu su cika zaure. Tafiyar ta zama da sauri, yadda mutum zai ji numfashinsa ya ƙaru amma yana iya magana. In ba ya iya haɗa kalma uku, ya yi sauri da yawa. In yana iya rera waƙa, bai yi sauri ba.

Kada a yi tafiyar banza. Yau a nufi gonar wannan, gobe ta wancan, a duba tsiro, a duba ko tsutsa ta shiga masara, a ga inda ruwa ke cin ƙasa. Da haka an jefi tsuntsu biyu: jiki ya motsa, shugabanni kuma sun ga gonaki da idonsu maimakon jin labari a zaure. Wanda ya daɗe bai motsa ba ya fara da minti goma, ya riƙa ƙarawa kowane mako. Sannu ba ta hana zuwa. Wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ko haki mai tsanani ya tsaya, a kai shi asibiti a ranar. Wanda kuwa har yanzu yake riƙe fartanya da kansa, ranar da ya yi noma ta wadatar, amma ya tuna da watannin rani da ba ya kome.

AIKI NA BIYU: AWO

A yi zubi a sayi na'urar awon jini mai batir, irin wadda ake ɗaurawa a damtse. Ta wuyan hannu ba ta kai ta gaskiya ba. Ma'aikacin lafiya ya koya wa mutum biyu yadda ake amfani da ita. Wanda za a auna ya zauna minti biyar shiru, bayansa a jingine, ƙafafunsa a ƙasa, hannunsa a kan tebur daidai ƙirji. Kada ya ci goro ko ya sha taba ko shayi mai ƙarfi rabin sa'a kafin awo. A auna sau biyu, a rubuta duka da kwanan wata.

Wanda lambarsa ta kai 140 ko 90 a zama biyu, a raka shi wurin ma'aikacin lafiya da littafin a hannu. Wanda ta kai 180 a sama ko 120 a ƙasa, ba a jira wani zama, ranar nan za a tafi. Kalmar "a raka shi" ita ce zuciyar gayya, domin da yawa an ce musu su je asibiti sun ce to, ba su je ba.

Akwai kuma awon da ba ya bukatar ko kwabo. A sami igiya a auna tsawon mutum daga tafin ƙafa zuwa tsakar ka, a yanke, a ninka ta biyu, a zagaya ta a cikinsa daidai saman cibiya kaɗan. In bakin igiya ya haɗu, madalla. In bai haɗu ba, kitsen ciki ya yi yawa, shi ne kuwa kitsen da ya fi jawo sukari da hawan jini. Kowa ya ajiye igiyarsa, a sāke gwadawa duk wata uku. Gani ya kori ji. Awon sukari kuwa a yi shi a asibiti sau ɗaya a shekara, bayan kaka, lokacin da akwai kuɗi a hannu.

AIKI NA UKU: AKUSHI

Gishirin da ya kamata baligi ya ci a yini bai kai giram 5 ba, watau ƙaramin cokalin shayi ɗaya, har da wanda ke cikin miya da burodi da yajin tsire. Dunƙulen miya na kanti kusan rabinsa gishiri ne. A roƙi uwargida ta rage shi sannu a hankali, ta ƙara daddawa da albasa da citta da tafarnuwa. Bayan 'yan makonni harshe yakan saba. Kanwa ma danginsa ce, a yi hankali da ita.

Kwalbar lemo guda tana ɗauke da sukari kimanin ƙaramin cokali takwas ko tara. Shugaban da ya halarci taro uku a yini ya sha kwalba uku, sai ya lissafa. Mutanen Makarfi da Kudan su sani kuma, mazarƙwaila ko da ta gida ce, sukari ce. Ba a ce a daina noman rake ba, an ce dai mai ciwon sukari da mai tumbi su rage sha.

Abin farin ciki, abincin da ake bukata yana nan a bayan gida: zogale, rama, kuka, kuɓewa, alayyafo, wake, waken soya, gyaɗa, gwanda da gwaiba. A rage malmala, a ƙara miya da ganye. Tuwon dawa da na gero da ba a surfe su fes ba sun fi farar shinkafa riƙe ciki.

A nan ne haɗin kai ya fi amfani. Mutum ɗaya in ya ƙi lemo a wurin biki sai a ce girman kai. Amma in shugabannin gari suka yanke shawara cewa a taronsu ruwa za a kawo, ko zoɓo marar sukari da yawa, da dafaffiyar gyaɗa, cikin wata biyu abin ya zama al'ada, kuɗin ƙungiya kuma ya huta.

AIKI NA HUƊU: RIƘON MAGANI

Maganin hawan jini ba kamar na zazzaɓi ba ne da ake sha kwana uku a ajiye. Kamar shingen gona yake, ranar da aka cire shi ranar awaki za su shiga. Da yawa sukan daina sha in sun ji sauƙi, ko in kuɗi ya yanke a tsakiyar damina. Saboda haka kowane ɗan gayya ya sami abokin tuni guda, wanda zai tambaye shi, "Malam, an sha na yau?" A ware wani abu daga zubi don ranta wa wanda maganinsa ya ƙare kafin amfanin gona ya zo. Kada wani ya ba wani nasa maganin, ko da ciwonsu iri ɗaya ne. In azumi ya gabato, masu shan magani, musamman na sukari, su ga likita tun cikin Sha'aban ya tsara musu lokutan sha. A kuma guji yawan haɗiyar ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tire, don wasunsu suna ɗaga jini suna ɓata ƙoda.

Kowane ɗan gayya ya haddace alamun shanyewar jiki guda uku: baki ya karkace, hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, magana ta sarƙe. In an ga ko ɗaya, a nemi mota nan take zuwa babban asibiti mafi kusa, in sun ga ya fi ƙarfinsu su tura Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo, don yana iya shaƙewa. A rubuta lambar direba biyu a bangon littafin gayya tun kafin bukata ta taso.

GAYYAR MATA

Shugabannin ƙungiyoyin mata, masu sarrafa waken soya da gyaɗa da masu adashe, su ma su kafa tasu. In fita da asuba ba ta yiwu ba, a haɗu a gida mai faɗin tsakar gida a zagaya, ko a tafi unguwa a ƙasa tare. Su ne ma riƙe da cokalin gishiri, saboda haka in sun gane, gida duka ya gane. Tun a shekarun 1970 likitocin asibitin jami'a a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego a wannan yanki, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da tsananin zafin wankan jego. Uwar ƙungiya da ta san wannan tana iya ceton 'ya'yan maƙwabta da yawa.

MASU CEWA BA LOKACI

Wani zai ce aikin jama'a ya yi masa yawa. To, ya lissafa: rabin sa'a a yini, da zama ɗaya a wata. Sa'an nan ya tuna da abin da ke faruwa in shugaba ya faɗi a watan Yuni, takardun ƙungiya a aljihunsa, sa hannun banki nasa ne, lissafin wanda ya biya da wanda bai biya ba a kansa yake. Taki ya makara, ƙungiya ta watse, iyali su shiga sayar da gona don jinya. Wani kuma zai ce kwana in ya ƙare ya ƙare. Gaskiya ne, rai a hannun Allah yake. Amma damina ma a hannun Allah take, ba a taɓa ganin wanda ya ƙi yin shuka saboda haka ba.

Lokacin da ya fi kyau a fara shi ne bayan kaka, sa'ad da aiki ya lafa, sanyi ya sauka, ga ɗan kuɗi a hannu. Kafin bazara ta zo da zafinta jiki ya saba. In shekara ta zagayo a buɗe littafi, a fito da igiyoyi, kowa ya ga inda ya tashi da inda ya kai, kamar yadda ake ƙirga buhuna a gonar gwaji.

ABIN YI A WANNAN MAKO

Duk shugaban da wannan jarida ta shiga hannunsa, ko aka karanta masa, ya rubuta sunan tsararsa biyar waɗanda yake jin maganarsu. Ya same su bayan sallar Juma'a ya karanta musu wannan darasi. Su sa ranar da za su tafi ɗakin shan magani tare a auna su duka, babba ya fara miƙa hannu. Lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ita. Allah ya ba shugabanni lafiyar ɗaukar kayan da aka ɗora musu, ya ba da damina mai albarka, amin.